Wanda Ya Juya Liman Gabas

A zamanin da Sarki Barmo ke riƙe da Birnin Garzau, mutanen ƙasar iri biyu ne. Cikin ganuwa Musulmi ne, masu masallaci da allo. Yamma da birni kuwa, a kan Dutsen Gilma, Maguzawa ne, maharba, masu bin iskoki da rantsuwa da ƙarfe. Tun kaka da kakanni akwai amana tsakaninsu. Duk shekara idan watan Babbar Sallah ya tsaya, Maguzawa sukan fito da ragon da suka yi wa kiwo na musamman, Limamin birni ya hau dutse da wuƙarsa ya yanka, don kowa ya iya sa hannu a akushi ɗaya. Ran nan ba a buɗe tulun giya sai Musulmi sun sauka. Su kuma Maguzawa, ranar Idi, lokacin da kowane namiji na birni ya ajiye makami ya fita fili, su ne ke kewaye filin da ƙofofin gari da bakunansu har a sallame. Ragon Amana ake kiran wannan al'ada.

Shekara talatin da ɗaya Liman Hambali yana hawa dutsen nan yana saukowa. A ta talatin da biyu jakinsa ne kaɗai ya dawo gida da la'asar.

Ɗansa Ukashatu, wanda shi ne Madawakin Garzau, shugaban mayaƙa, shi ya bi sawun jakin. Ya san al'adar tsohon: yakan tura ɗalibai gaba da nama, shi ya tsaya hira da abokinsa Tunau, Sarkin Bakan Maguzawa, sa'an nan ya sauko shi kaɗai. A gindin wata tsamiya, bakin rafi, ya sami mahaifinsa. Kibiya mai kunne biyu irin ta mutanen dutse tana tsaye a bayansa. An kwantar da shi a gefen dama, fuskarsa gabas, an rufe masa ido, an ɗaure haɓarsa da wani baƙin ƙyalle. Farin rawaninsa yana gefe, ya sha jini.

Ukashatu bai yi kuka ba. Ya kwance ƙyallen ya cusa a aljihu, a ransa yana cewa ko bayan sun kashe shi sai da suka yi masa izgili da kayan addininsa. Ya zare kibiyar, ya saɓa mahaifinsa a kafaɗa, ya yi rantsuwa tun daga gindin tsamiyar nan cewa sai ya ga kan Tunau a ƙasa.

Washegari bayan an rufe Liman, tambari ya kira majalisa. Hakimai suka cika zauren fada. Ukashatu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye kibiyar gaban shimfiɗar Sarki, ya koma ya durƙusa.

"Allah ya ja zamanin Zaki," in ji shi. "Ga abin da aka sāka wa mahaifina da shi bayan shekara talatin yana cin abinci da su. Ban zo neman ta'aziyya ba. Izini na zo nema. A ba ni dawaki ɗari biyu, kafin rana ta faɗi babu rumbu ɗaya da zai saura a tsaye kan Gilma."

Sarki Barmo ya dubi kibiyar ya daɗe. Dattijo ne mai jinkirin magana. Ya juya ga Galadima Mudi, ɗan baffansa, wanda ya yi karatu a zauren marigayi tare da Ukashatu tun suna ƙanana.

Galadima ya gyara naɗin baƙin rawaninsa mai ƙyalli, wanda ba ya rabuwa da shi. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Ranka ya daɗe, uban Madawaki ubana ne. A hannunsa na sauke, a hannunsa na koyi alwala. Amma ni abin da ke hana ni sukuni ba jinin da ya zuba ba ne kaɗai. Saura kwana bakwai Idi. Mutanen da suka harbi Liman a baya, su za mu ba wa bayanmu muna sujada? Yau da safe ƙudan zuma suka sauka suka rufe Ƙofar Arewa, har masu kawo itace suka kasa shigowa. Tsofaffi sun ce ba a taɓa ganin haka ba sai maƙwabci ya zama maƙiyi."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Ana cikin haka Shamaki ya shigo ya ce ga 'yar aike daga dutse. Aka shigo da wata tsohuwa mai zanen saƙi, sunanta Kyauta, matar Tunau. Ta durƙusa nesa, ta miƙa baka marar tsirkiya a hannu biyu.

"Maigidana yana gaida Sarki," ta ce. "Ya ce bakansa ke nan, ya cire masa tsirkiya. Ya ce tun jiya ba a hura wuta a Gilma ba. Ya ce in faɗa wa ɗan Malam, Mai Sama yana gani, ba hannunmu."

Ukashatu ya miƙe tsaye gaban Sarki, abin da ba a yi. Ya fizge bakan ya karya shi a gwiwa, ya jefa mata guntayen.

"Koma ki ce masa ya bar ambaton Mai Sama. Bakin da ya sha giya ya sha jini ba shi da Ubangijin da zai kira."

Tsohuwar ta tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya. Ta dube shi ta ce, "Ni na goye ka ranar da ka fara hawa dutse, Ukasha. Ka yi nauyi tun lokacin." Ta juya ta fita.

Sarki ya yanke hukunci. Ya ce wata ne mai alfarma, ba za a zub da jini ba sai kwanakin Sallah sun wuce, bayan nan Madawaki ya ɗauki dawakin da yake so. Amma daga yau kada Bamaguje ko ɗaya ya kusanci ganuwa ko filin Idi, wanda aka gani a harbe shi. Galadima ya faɗi ya yi godiya. Ukashatu ma ya yi, amma bakinsa kawai.

Kwana shida ya yi yana wasa takobi. Ba ya cin abinci sai kaɗan, ba ya zama wurin zaman makoki. Ranar Arfa da hantsi, lokacin da gari ya shagala da sayen raguna, ya zaɓi mutum goma sha biyu cikin amintattun barade, suka fita ta Ƙofar Yamma kamar masu zagayen kan iyaka. Ya san saɓa wa Sarki yake yi, ya kuma san abin da ake yi wa mai saɓa wa Sarki. Bai damu ba.

Ba wanda ya tare su a hanyar dutse. Mata suka janye 'ya'yansu cikin bukkoki, maza suka tsaya a ƙofar gidaje hannu a sake. A dandalin da ake yanka Ragon Amana, ƙarƙashin wata tsohuwar kuka, Tunau na zaune kan buzu. Ya tsufa, amma kafaɗunsa suna nan. Kusa da shi akwai wani buzun a shimfiɗe, ba kowa a kai.

"Ka makara, ɗan Malam," in ji Tunau. "Tun ran Talata nake jiranka. Sauko mana. Ko daga kan doki ake yanka tsofaffi yanzu?"

Ukashatu ya diro, ya zare takobi. "Sarkin Baka, in kana da abin da kake kira, kira shi."

"Da Baba kake ce mini."

"Da kana da aboki."

Tunau ya gyaɗa kai. Ya ɗora hannu kan buzun da ba kowa. "Nan yake zama. Ka san abin da muka yi ranar? Gardama, irin ta kullum. Ya ce mini, Tunau mai tulun giya, a hanyar Makka na zauna Masar, na ga Nasara suna kaɗa ƙararrawa, na ga Yahudu suna rufe kanti ran Asabar, duk wanda na tambaya wa ya yi sama da ƙasa, yatsa ɗaya yake ɗagawa. Na ce, to mai goshin ƙasa, mu ma ai Mai Sama muke cewa, kuma ba mu ce biyu ne ba. Sai dai yana da nisa. Talaka ba ya faɗa wa sarki kai tsaye, sai ya bi ta fadawa, shi ya sa muke bi ta iskoki. Sai ya buga mini cinya ya ce, nan ne ka ɓata, tsohon banza, wannan Sarkin ba shi da dogari a ƙofa, ko tururuwa ta yi magana yana ji. Shekara talatin muna wannan. Bai bar sallarsa ba, ban bar dutsena ba. Shi yana ganin na ɓata hanya, ni ina ganin ya cika gaggawa. Amma ba mu taɓa musun cewa Wanda ya yi shi Shi ya yi ni ba. To in kashe shi in yi gardama da wa?"

"Kibiyarku ce."

"Tamu ce. Muna sayar da irinta a kasuwar Garzau duk ran Laraba. Amma ka taɓa jin Bamaguje ya bar ƙarfensa a jikin mamaci? Da ƙarfe muke rantsuwa. Wanda ya bar shi a gawa, kurwar mamacin za ta bi shi har gida. Ko barewa muka harba sai mun zare." Ya ɗaga kai. "Yadda za ka kashe ni ba wuya, ga wuyana. Amma faɗa mini abu ɗaya tukuna. Yaya ka same shi?"

Ukashatu bai so amsawa ba, amma maganar ta fito da kanta. Ya faɗi yadda aka kwantar da shi a dama, fuska gabas, ido a rufe, haɓa a ɗaure. Ya ciro ƙyallen ya jefa wa tsohon a cinya. "Ga izgilinku."

Tunau ya ɗauka ya murza tsakanin yatsu biyu. Ya duba yatsun, sun yi shuɗi. Ya kira Kyauta, ta zo ta ɗaga shi ga rana.

"Wannan bai taɓa hawa dutse ba," in ji ta. "Dubi zanena, saƙinmu kauri gare shi kamar tabarma. Wannan kuwa siriri ne, an rina shi sau da yawa, an buge shi har yana ƙyalli. Bakin rawani ne, ga inda aka yage."

"Mu namu matattu dutse muke juya su, yamma," in ji Tunau. "Da ni na tsinci abokina, da na juya shi gabas, don na san can yake so. Amma ɗaurin haɓa ban san shi ba, ba wanda ya san shi a nan. Kuma me zai hana a ɗaure da rawaninsa, ga shi a gefe?"

Ukashatu ya san amsar, don shi ma a zauren ya zauna. Rawanin Liman ya jiƙe da jini, kuma Liman ya sha faɗa wa ɗalibansa cewa ba a ɗaure mamaci da abin da najasa ta taɓa, ko da mutum zai yagi tufarsa. Bamaguje ba ruwansa da wannan. Ɓarawon hanya ma haka. Sai wanda ya koyi wankan gawa a gaban Liman Hambali har abin ya zauna masa a hannu. Sai ya tuna majalisa, ya tuna hannun Galadima yana ta gyara naɗin rawani, yana jan bakin rawanin da ya ƙi kaiwa kafaɗa.

Takobin ya yi masa nauyi. Ya soke shi a ƙasa.

"Mudi," ya ce, kamar mai tofar da abu mai ɗaci. "A akushi ɗaya muka tashi. Don me?"

"Don gobe," in ji Tunau. "Zuman da ya sauka a ƙofarku, kun tsaya kuna fassara. Mu maharba ne, mun bi inda ya fito. Hayaƙi ne ya kore shi daga kogunan dajin arewa. Akwai dawaki a ɓoye can, sun kai ɗari huɗu, na maƙiyinku Sarkin Gumbara. Na aika sau biyu in faɗa, masu gadin Galadima suka koro 'yan aikena da kibau. Gobe za ku fita fili ba ko wuƙa, kuma ba mu."

Ukashatu ya durƙusa gaban tsohon, ya kasa ɗaga ido. "Baba, na karya bakanka a gaban Sarki."

"Tsoho ne, dama ya fara tsagewa. Matata ce dai ba ta huce ba."

"Sarki ya ce duk wanda aka gani kusa da fili a harbe shi."

"Ba da Sarki muka ci rago ba, da ubanka muka ci. Bana ma ya yanka, mun ci, mun ƙoshi. Tsaron Idi yana wuyanmu, ko kuna so ko ba ku so." Tunau ya miƙe yana dafa kuka. "Akwai busasshiyar ƙorama arewa da filinku, gamba ta rufe ta. Ta nan dole dawaki su bi. Mu ɗari da hamsin ne. Ku yi sallarku."

A hanyar komawa ɗaya daga cikin baraden ya ce a je a sanar da Sarki. Ukashatu ya ƙi. Ya ce Sarki ba zai ɗaure ɗan baffansa kan guntun ƙyalle da maganar Bamaguje ba, kuma duk abin da ya shiga fada sai ya shiga kunnen Galadima. Gaskiya ce, amma ba ita ce duka ba. So yake Mudi ya tona kansa a gaban duk Garzau, so yake kuma ya kasance babu hannun da zai riga nasa. Ya sa aka ɗora takubba da māsu cikin dammunan tabarmi aka kai fili kamar shimfiɗar masallata, aka ɗaure dawaki sittin bayan wata gonar dawa da ba a girbe ba.

Ranar Idi gari ya fita fari fat, yaro da babba. Mutum ɗaya ne kaɗai da baƙin rawani a sahun gaba, kuma Ukashatu ya gane dalili: don mayaƙan Gumbara su san wanda ba za su sara ba. Ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi.

"Madawaki, ka rame," in ji Galadima a hankali. "Ka yi haƙuri, saura kwana uku ka huce."

"Ba zai kai ba," in ji Ukashatu.

Na'ibin Liman ya ta da salla. Raka'a ta farko ta wuce lafiya. A ta biyu, ana cikin karatu, ƙasa ta fara rawa ƙarƙashin ƙafafu. Daga hagu ake jin ta, kamar ruwan sama mai tahowa. Muryar Na'ibi ta sarƙe. Sahu ya fara motsi. Ukashatu ya ji duk jikinsa yana ce masa juya, juya, amma idan ya juya dubu za su juya, su tattake juna kafin maƙiyi ya iso. Da Na'ibi ya yi kabbarar ruku'u, sai Ukashatu ya amsa ta da muryar da yake ba da umarni a fagen fama, baradensa suka amsa daga ƙarshen sahu-sahu, jama'a suka sunkuya. Ya kai goshinsa ƙasa, wuyansa a buɗe, rayuwarsa da ta Sarki da ta dukan mazan Garzau a hannun mutanen da jiya ya hau dutse don ya yanka.

Sai ƙahon Maguzawa ya yi kuka daga ƙorama. Tsirkiya ɗari da hamsin suka saki tare. Aka ji haniniyar dawaki, da faɗuwa, da ihun mutane cikin harshen Gumbara.

Kafaɗar da ke jingine da tasa ta ɓace. Galadima ya yanke salla, ya tsallake sahu yana tattaka bayan masu sujada, ya nufi inda aka riƙe masa doki. Duk wanda ya taka ya ga rawaninsa.

Ukashatu ya zauna ya yi tahiya har ƙarshe. Na'ibi ya sallame. Madawaki ya juya dama ya yi sallama, ya juya hagu ya yi sallama, sa'an nan ya yaye tabarma ya ɗauki takobi.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Sarki, "dubi ɗan baffanka inda ya nufa. Wanda ya kashe Liman ke nan." Bai jira amsa ba.

Dawakin Gumbara sun riga sun cushe a ƙorama, na gaba sun zube, na baya suna hawa kansu, dafin kibau yana kama su tun kafin su gane daga ina ake harbi. Waɗanda suka haye suka auka wa maharba da takubba cikin gamba. A nan mutanen Madawaki sittin suka faɗa musu ta gefe, bayansu kuma mazan gari da fararen riguna, wani da mashi, wani da wuƙar layya. Kafin rana ta kai tsaka, sauran Gumbarawa sun juya sun nufi daji, sun bar tutarsu a laka.

Ukashatu bai tsaya ƙirga gawa ba. Baƙin rawani yake bi. Ya cim wa Galadima can gaba da ƙorama, inda dokin Galadiman ya faɗi da kibiya a wuya ya danne masa ƙafa. Ukashatu ya sauko, ya ciro ƙyallen da ya karɓo daga hannun Kyauta ya jefa masa a ƙirji.

"Ka bar wannan a wurin Malam."

Galadima ya dubi ƙyallen, ya rufe ido. "Sarautar nan tawa ce, Ukasha. Malam ne ya ce wa masu zaɓe Barmo ya fi ni haƙuri. Shekara tara ina gaishe shi da wannan a cikina. Sarkin Gumbara ya ce in dai na raba ku da mutanen dutse, gadon nawa ne."

"Ban tambaye ka sarauta ba. Don me ka juya shi?"

"Daga nesa na harba. Na yi niyyar tafiya. Sai na ga ya faɗi rub da ciki, fuskarsa a laka." Muryarsa ta karye. "Na matso in ga ko ya cika. Ya gane takuna. Bai zage ni ba. Ya ce, Mudi, juya ni. Shi ya koya mini, Ukasha. Hannuna ne ya yi sauran, ban ma san na yagi rawani ba sai da na iso gida." Ya buɗe ido. "Don zaman da muka yi, in ka gama, ni ma ka juya ni."

Ukashatu ya ɗaga takobin da ya kwana shida yana wasawa saboda wani, ya sauke shi sau ɗaya. Da baradensa suka iso, ɗaya ya sunkuya zai gyara gawar.

"Bar shi yadda ya faɗi," in ji Madawaki. "In Sarki ya ga dama ya aiko masu yi masa sutura. Ba hannuna, ba hannun mutanena."

Ya ɗauka in ya yi haka ƙirjinsa zai yi sanyi. Bai yi ba. Ya hau doki ya komo ƙorama.

Can ya tarar da Maguzawa suna bin gawawwakin Gumbarawa ɗaya bayan ɗaya suna zare kibansu, ba su bar ko ɗaya ba. Musulmi kuwa suna ɗauko ruwa suna shayar da masu rauni, ba mai tambayar wannan na birni ne ko na dutse. Sarki Barmo da kansa yana tsaye cikin gamba, ba laima, ba 'yan zagi, a kan wani da aka kwantar. Da ya ga Ukashatu sai ya matsa.

Tunau ne. Mashi ya shige shi ƙasan haƙarƙari. Kyauta tana riƙe da kansa, ba ta kuka.

"Ɗan Malam," ya ce, numfashi na yanke masa magana. "Kun sallame?"

"Mun sallame, Baba. Ba wanda aka taɓa a sahu."

"To mun sauke amana. Ka samu naka?"

"Na samu."

"Ya yi daɗi?"

Ukashatu ya sunkuyar da kai. Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Yanzu zan je in ji, ni da mai goshin ƙasa, wa ya fi gaskiya a kan dogarin nan. Baɗi wa zai yanka mana rago?"

Sarki ya buɗe baki, amma Ukashatu ya riga shi. "Wuƙar mahaifina tana wurina. Ni zan kawo sabon Liman, ni zan riƙe ƙafar ragon."

"Ka zo da gardama, kada ka zo hannu sake." Idon Tunau ya fara lumshewa. Ya lalubo hannun Madawaki. "Juya ni."

Ukashatu ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗunsa. Bai ankara ba, hannunsa ya fara kwantar da shi a dama, fuska gabas, yadda aka koya masa tun yana yaro. Tsohon ya yi wata 'yar dariya da ta fito da jini.

"Ba can ba, ɗan gidan Malam. Dutse."

Madawaki ya tsaya. Sarki yana kallo, Na'ibi yana kallo, da duk mazan Garzau cikin fararen rigunansu da suka ɓaci da laka. Ya gyara riƙo, ya ɗaga tsohon a hankali ya juya shi yamma. Ganuwar birni ta tare ido, don haka ya tallafo kansa sama, ya jingina shi a ƙirjinsa, har ƙololuwar Gilma ta bayyana a bisa ganuwa. Haka ya riƙe shi har ya cika.